Babi na Biyar: Matsaya da Lokaci a Duwatsun Birnin Kudu da Gwaram

Abu na farko da ya wajaba mai neman ilmin ɗaukar hoton ƙasa ya sani, tun kafin ya zuba kuɗinsa wajen sayen kyamara mai tsada, shi ne cewa ido da kyamara ba gani ɗaya suke yi ba. Mutum yakan hau falalen dutse a bayan garin Birnin Kudu da la'asar, ya dubi gonaki sun miƙe har iyakar ganinsa, ga kukoki tsaye jefi-jefi, ga garken shanu yana komawa ruga, zuciyarsa ta cika da mamakin ikon Mahalicci, ya ɗaga kyamara ya danna. Amma sa'ad da ya koma gida ya buɗe hoton, sai ya tarar sama ta yi fari fat, ƙasa ta yi duhu, shanun sun zama ɗige-ɗige, ga kuma wata baƙar leda maƙale a jikin ƙaya wadda zai iya rantsuwa bai gan ta ba. Dalili kuwa shi ne, ido yana aiki ne da umurnin hankali, abin da hankali ya so shi yake kawo masa, ya kau da kai daga saura. Ita kuwa kyamara ba ta da hankali balle zaɓi, duk abin da ya fuskance ta sai ta rubuta shi, babba da ƙarami, mai kyau da mummuna, ba ta fifita wani a kan wani.

Ba yau masana suka fara lura da wannan ba. Alhasan Ibnul Haisam, mutumin Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040 ta Miladiyya, ya tabbatar da hujja a cikin Kitabul Manazir cewa haske ne ke tasowa daga abubuwa ya shiga ido, ba ido ne ke aika haske zuwa gare su ba, kamar yadda waɗansu hukama'un Yunan suka zata. Ya kuma yi gwaji da ɗaki mai duhu mai 'yar kafa a bango, ya ga yadda hasken waje ke shigowa a miƙe ya sauka a bangon da ke fuskantar kafar. Kowace kyamara da ke duniya a yau, har da ta wayar da ke aljihunka, wannan ɗaki ne aka ƙanƙanta. Amma abin da ya fi amfanar mu a cikin bayaninsa shi ne inda ya nuna cewa gani ba ya cika a ido kaɗai, sai hankali ya shiga da tamyizi da ƙiyasi, ya ce wannan kusa ne, wancan nesa ne, wannan babba ne ko da ya bayyana ƙarami. To, wannan tamyizi shi ne kyamara ta rasa, shi ne kuma aka ɗora wa mai riƙe da ita.

Mai zane da alƙalami yana da wata dama da mu ba mu da ita. Sa'ad da Heinrich Barth, Bajamushen nan da aka sani a ƙasashenmu da suna Abdulkarim, ya hau Dala a 1851 ya zana birnin Kano, yana da ikon ya bar duk abin da bai gamshe shi ba, ya matsar da dabino gefe in ya tare masa soro, ba wanda zai tuhume shi. Mai kyamara kuwa abu biyu rak ke hannunsa, wato inda zai tsaya da sa'ar da zai danna. Sauran al'amura duka, na lambobi da maɓallai da gilasai, hidima suke yi wa waɗannan biyu, kuma wanda ya ƙware a kansu alhali bai san matsaya da lokaci ba, hotunansa za su fito tas amma ba mai son ya sake dubansu.

Na zaɓi kudancin Jihar Jigawa domin wannan darasi saboda Allah ya tara mata abubuwan da almajirin wannan fanni ke bukata a wuri guda. Wanda ya baro Kano ta Wudil ya nufi hanyar Ningi da Bauci, zai lura cewa kafin ya isa Birnin Kudu ƙasar ta fara sauya kama: shimfiɗaɗɗen fili ya fara tsirar da duwatsu, waɗansu falale, waɗansu manyan curi da aka ɗora wani bisa wani har ka ce yanzu za su gangaro, in ya karkata gabas zuwa Gwaram, wajen iyaka da Jihar Bauci, sai ya sami tsaunuka da kogi da fadamu, da itatuwa masu yawa fiye da abin da zai gani a arewacin jihar wajen Gumel da Maigatari, domin ruwan sama ya fi sauka a nan. Ga wanda kuma zuciyarsa ke ɗar-ɗar game da hukuncin sura, ya sani saɓanin malamai, mai tsawo kuwa, a kan surar mai rai yake. Amma itace da dutse da kogi, an ruwaito a Buhari da Muslim cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma gare su. Abin da ya shafi sanya makiyayi ko saniya a cikin hoto kuwa, kowa ya koma ga malaminsa.

Idan ka isa wurin da ya burge ka, kada ka fara da ɗaga kyamara. Fara da tambayar kanka abin da ya tsayar da kai, ka kuma tilasta wa kanka amsa da kalma biyu ko uku: kukar nan ce, ko curin dutsen da ke bisa, ko yadda hadari ya taso a bayan tsauni. In amsarka ita ce komai da komai, to, ba ka shirya ba tukuna, domin hoton da ya ƙunshi komai ba ya nuna komai. Da zarar ka san abin da kake nufi, sai aikinka ya zama irin na mai shiƙar hatsi, ka yi ta fitar da ƙaiƙayi har tsaba ta rage. Da ƙafa kuwa ake wannan aiki. Taki biyar zuwa hagu na iya ɓoye turken wutar lantarki a bayan tsamiya. Durƙusawa na iya ɗaga kan kuka ya fita daga jikin tsauni ya tsaya sosai a cikin sama. Hawa ɗan tudu na iya raba gona da gona waɗanda a ƙasa suka cakuɗe. Kafin ka danna, bi gefunan hoton huɗu da ido ɗaya bayan ɗaya, domin a can ne rabin reshe da bakin kwano da leda suke laɓewa.

Sai batun layin da sama ta haɗu da ƙasa. Sharaɗinsa na farko, wanda ba shi da rangwame, ya miƙe. Hoton da wannan layi ya karkace a cikinsa yakan sa mai kallo ya ji kamar kogin zai zube ta gefe. Na biyu, a san inda za a ajiye shi. Littattafai suna koyar da ƙa'idar sulusi, wadda wani Bature mai suna John Thomas Smith ya rubuta sunanta a Ingila tun 1797 yana magana a kan zane, wato a kasa hoto uku a tsaye, uku a kwance, a ajiye muhimman abubuwa a kan layukan ko a mahaɗarsu, maimakon a dasa su a tsakiya. Ƙa'ida ce mai amfani ga mai farawa, wayoyi ma suna da waɗannan layuka a cikinsu ga wanda ya kunna su. Sai dai a wurina matsayinta na mustahabbi ne, ba ta kai wajibi ba, kuma na ga waɗanda suka riƙe ta da ƙarfi har hotunansu duka suka zama kamar ɗaya. Abin da ya kamata ya yanke hukunci shi ne halin da sama take ciki. A watan Agusta, sa'ad da gizagizai suka yi gini bisa gini a kan Gwaram, ba sama kashi biyu cikin uku, ko fiye, ba ka yi asara ba. A watan Janairu kuwa, sa'ad da hazo ya mai da ita farar takarda, rage ta ƙwarai, ko ka fitar da ita gaba ɗaya ka bar dutse da ƙasa su cika hoton.

Matsala mafi girma ga mai ɗaukar hoto a ƙasarmu ita ce faɗi. Fili ne shimfiɗe, hoto kuma takarda ce shimfiɗe, in ba a yi dabara ba sai nisan tafiyar yini ya taru ya zama siririn zare a tsakiya. Maganin wannan shi ne a ba hoto gaba da tsakiya da ƙurya, domin ido ya sami inda zai taka ya shiga. A kan falalen Birnin Kudu abin sanyawa a gaba ba ya wuya ga mai sunkuyawa: akwai tsagar dutse wadda ciyawa ta bi ta tsira a jere, akwai kwarmin da ruwan daren jiya ya kwanta a ciki, wanda in ka kwantar da kyamara kusa da bakinsa zai ɗauko maka sama sukutum a cikin faɗin faranti, akwai ɓawon dutsen da zafi da sanyi suka ɗaga ya yi leɓe. A gona kuwa manomi ya riga ya gama maka rabin aiki, gama kunyoyin da ya ja da garma layuka ne da ke jan ido daga ƙafarka har gindin tsauni, in dai ka tsaya a bakinsu ta yadda za su tafi daga gare ka, ba su gilma ba. Haka burtali, haka turbar da ke zuwa rafi. Kada kuma a manta da ma'auni: curin dutsen da ya fi soro tsawo, in aka ɗauke shi shi kaɗai, ba shi da bambanci da tsakuwa, sai an sami akuya a kansa ko itace a gindinsa kafin mai kallo ya san girman abin da yake duba.

Yanzu sai lokaci, a nan ne kuwa nake so in daɗe, domin a nan ne littattafan ƙetare suka fi ɓatar da almajiranmu, ba don sun yi ƙarya ba, sai don an rubuta su ƙarƙashin wata rana da ba irin tamu ba. Suna cewa hasken da ya fi kyau shi ne na sa'a guda bayan fitowar rana da sa'a guda kafin faɗuwarta. A Ingila, inda rana ke gangarowa a karkace, tana jan ƙafa a gefen sama, wannan magana daidai ce. Birnin Kudu kuwa tana kan daraja 11 da rabi ne kacal arewa da tsakiyar duniya, rana tana faɗa mana kusan a tsaye, tana cin kusan daraja 15 kowace sa'a; saboda haka jan hasken nan mai taushi, wanda ke zuwa in ta rage kamar daraja 6 ta faɗi, bai fi na minti 25 ba, bayan ta faɗi kuma duhu ba ya jinkiri. Wanda ya iso a lokacin yana neman matsaya, ya makara. Ana neman matsaya ne da rana tsaka, sa'ad da haske ba shi da amfani, a dawo a zauna a jira.

Abin sha'awa shi ne, duk wanda ya yi karatun Ahalari a zaure ya riga ya sami muƙaddimar wannan ilmi bai sani ba, domin malaman fiƙihu, saboda tsananin kula da lokutan salla, sun ƙididdige halayen haske dalla-dalla: alfijir, da wayewar gari sa'ad da ake gane fuska, da gushewar rana daga tsaka, da sa'ar da inuwar abu ta kai tsawonsa, da fatsi-fatsin rana, da jan shafaƙi bayan magariba. Mai ɗaukar hoto ba ya bukatar wani agogo da ya fi wannan. Daga walaha zuwa azahar haske yana zubowa daga bisa, inuwa ta shige ƙarƙashin abubuwa, dutse ya zama toka-toka ba kumburi ba kwarmi. Da shigar la'asar abubuwa sukan fara samun jiki. Sa'a guda kafin faɗuwar rana inuwa ta kai kusan ninki huɗu na tsawon mai ita, kowace kunya ta fito da gefe mai haske da gefe mai duhu, kowace tsaga a jikin dutse ta bayyana. Fatsi-fatsin nan kuwa, wanda malamai suka sanya iyakar zaɓaɓɓen lokacin la'asar, shi ne ainihin abin da ake jira. Don haka mai hankali yakan hau da butarsa, ya yi sallarsa a farkon lokaci a kan falale, sa'an nan ya fuskanci aiki da natsuwa.

Akwai kuma wani abu da littattafan Turai ba za su gaya maka ba, domin ba ya faruwa a can. Sau biyu a shekara, wajen 20 ga Afrilu da wajen 23 ga Agusta, rana takan tsaya daidai bisa kan mutumin Birnin Kudu da tsakar rana. Tsakanin waɗannan ranaku biyu ta arewa take bi, sauran shekara kuma ta kudu. Mafitarta da mafaɗarta su ma suna tafiya, a Yuni suna karkata arewa da kamar daraja 24, a Disamba su koma kudu da kamar haka. Ma'anar wannan ita ce, fuskar dutsen da ke duban arewa, wadda ka tarar cikin inuwa da hunturu ka yanke ƙauna daga gare ta, tana iya kasancewa ita ce ke shan jan haske da damina. Akwai manhajojin waya da ke lissafa wannan, ban kuwa raina su ba. Amma wanda ya shekara arba'in yana noma gindin dutsen ya fi su sanin wurin. Ka yi masa sallama, ka ce, “Baba, sannu da aiki,” ya ce, “Yauwa samari, daga ina?” ku gaisa sosai, kada ka yi gaggawa, in ka tambaye shi ta ina rana ke faɗuwa da kaka ga wanda ke tsaye a nan, da ƙotar fartanya zai nuna maka, ya ce bayan tsamiyar can, ya ƙara maka da lokacin da shanu ke bi ta burtali da kuma gefen da zuma ta yi gida, wanda bai kamata ka matsa ba.

Itatuwa ma suna da nasu lokaci. Kuka tana zubar da ganye da rani, a sa'an nan ne surar rassanta ke fita sosai a jikin sama, ita ce kuwa sa'ar ɗaukarta ana fuskantar rana, ta fito baƙa ƙirin a kan jan shafaƙi. Gawo ya saɓa wa 'yan'uwansa, yana tuɓe ganye da damina, ya yi kore shar da rani, saboda haka a watan Fabrairu, sa'ad da gonaki suka zama kara da ƙura, shi ne zai ba ka ɗigon kore guda a cikin hoton da duk ya yi ruwan ƙasa. Kaka kuwa ta fi kowane lokaci arziki, ga dammunan gero a jingine, ga dawa ta sunkuya, sama kuma ba ta riga ta rufe ba.

Game da lambobin kyamara, rukunai uku ne, ga kuma yadda ake aiki da su a fili. ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, a bar shi a ƙasa, wajen 100, domin hoto ya fita ba yashi-yashi. Ƙofar haske a tsuke ta zuwa f/8 ko f/11, domin na kusa da na nesa su fito tare. Wanda ya zarce f/16 yana neman ƙarin kaifi, raguwa zai samu. Alal misali, a babbar kyamara mai faranti milimita 36 da 24, in aka sa gilashi mai milimita 24 a kan f/11, aka saita gani a kan abin da ke nisan mita 2, to, daga kamar mita 1 har ƙarshen gani duk zai fito sarai. Rukuni na uku, wato tsawon ƙiftawa, shi ne zai biya kuɗin waɗannan biyu, domin da yamma yakan yi tsawo har hannu ya kasa riƙewa ba rawa. A nan ne ake bukatar mariƙi mai ƙafa uku, in babu kuwa, a naɗe rawani ko hula a ɗora a kan dutse, a saita kyamara ta danna da kanta bayan daƙiƙa 2. Wajen auna haske, a kiyaye sama: wurin da ya yi duhu ana iya farfaɗo da shi daga baya, musamman ga wanda ya ajiye ɗanyen hoto irin wanda kyamara ke kira RAW, amma wurin da ya ƙone ya yi fari ya tafi ke nan. Mai waya ya taɓa sama a fuskar wayar, ya ja hasken ƙasa kaɗan, ya goge gilashi da gefen riga, ya kuma daina jawo hoto da yatsu biyu. In yana son kusa, ya taka.

Ansel Adams, Ba'amurken da ya rayu daga 1902 zuwa 1984, wanda ya yi suna da hotunan duwatsun Yosemite, shi da abokinsa Fred Archer sun kasa haske mataki 11, daga baƙi ƙirin zuwa fari fat, domin mai ɗauka ya ƙudurta tun kafin ya danna a wane mataki yake son kowane abu ya zauna. Shahararren hotonsa na fitowar wata a kan ƙauyen Hernandez, a 1941, a gefen hanya ya ɗauke shi cikin gaggawa, bai ma sami na'urar awon haske ba, sai ya yi lissafi da ka daga abin da ya sani na hasken wata. Ya danna sau ɗaya, kafin ya sake kuwa rana ta janye daga kan kaburburan da ke gaba. Mutane sukan kira wannan sa'a, amma sa'ar ba ta da amfani ga wanda bai haddace lissafin ba.

Jarrabawa mafi wuya a Birnin Kudu tana cikin kogunan dutse, inda mutanen dā suka bar zanen shanu a Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu. Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, ya yi bincike a nan wajen 1955, ya bayyana wa duniya zanen da kuma duwatsun kiɗa da ke kusa da su, waɗanda in an buga su da dutse suke amsawa kamar ƙarfe. Yau wuraren suna ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Yawancin zanen da jan launi aka yi, shanun kuma ba su da tozo, saɓanin bunajin da ke kiwo a gindin dutsen a yau. Wahalar ita ce, zanen yana cikin inuwar rumfar dutse, waje kuwa rana tana ƙuna, tazarar hasken ta fi ƙarfin kyamara. Wanda ke son zanen kaɗai, ya fitar da waje daga hoton baki ɗaya, ya kafa mariƙi, ya bar hasken da ke dawowa daga ƙasa ya yi aiki, ya kashe walƙiyar kyamara, domin tana wanke launi ta bar ƙyalli. Wanda kuwa ke son ya haɗa zanen da filin da mai zanen yake kallo, wanda a ganina shi ne hoton da ya fi ma'ana, ya zo da sassafe ko ranar da gari ya lumshe, ya mai da bakin kogon ya zama ƙofar da ake leƙa fili ta cikinta. In tazarar ta ƙi, ya ɗauki uku ba tare da ya motsa kyamara ba, ɗaya domin ciki, ɗaya domin waje, ɗaya tsaka-tsaki, ya haɗa su a kwamfuta. Duwatsun kiɗa kuma suna da 'yan ramuka inda bugu ya cinye su, waɗanda ba sa fita sai haske ya zo musu ta gefe. Haramun ne a wannan sana'a a yayyafa wa zane ruwa don launinsa ya tashi, ko a bi shi da alli, ko a shafa shi da hannu. Abin da ya jure ƙarnuka yana iya lalacewa a hannun mai neman hoto guda. A nemi izini wurin masu kula da wurin, in kuma ƙauye aka shiga a fara da gaida mai unguwa ko dagaci, kada kuma a juya kyamara wajen matan da ke ɗiban ruwa ko shiga gida ba da yardar masu shi ba.

Gwaram darasinta dabam ne. A can kogin da ya gangaro daga tsaunukan Jos ta wajen Bunga yake ratsawa ya nufi Jama'are, da damina ya cika ya yi ja, da rani ya janye ya bar rairayi fari da 'yan zare-zaren ruwa suna lanƙwasa a ciki, masu noman rani kuma su kafa kore a gefensa. Mai farawa yakan ɗauka faɗin wuri gilashi mai faɗi yake so, sai tsaunukan su ƙanƙance su gudu can ƙurya. Sau da yawa dogon gilashi, mai milimita 100 ko 200, shi ya fi dacewa, domin yana yanko yanki guda ya matso da tsauni bayan tsauni. A nan ne ma hazo, wanda kowa ke kuka da shi, yake zama alheri. Ƙurar nan da iskar hunturu ke ɗaukowa, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, tana sa kowane tsauni ya fi na gabansa fari, har a sami jeri huɗu ko biyar daga mai duhu zuwa wanda da ƙyar ake rarrabe shi da sama. Rana kuma takan zama farin faifai da ke ɓacewa tun ba ta kai ƙasa ba. Sai dai a yi hattara, kada a sauya gilashi a cikin iska, gama ƙurar da ta shiga ciki za ta bayyana ɗige-ɗige a saman kowane hoto. Gilashin tace ƙyalli, wanda da damina ke ƙara wa sama shuɗi ya kashe walƙiyar ganye in rana tana wajen kafaɗarka, ba ya tsinana kome a cikin hazo. In kuma hadari ya taso kana kan dutse, ɗauki abin da ka samu tun yana nesa ka sauko, domin tsawa ba ta san mai fasaha ba.

Saura gyara a kwamfuta ko a waya. Halal ne a ɗaga inuwa, a miƙe layin da ya karkace, a yanke gefe, a share ɗigon ƙura. Adams kansa ya sha sake wanke hoton Hernandez yana ƙara wa samansa duhu. Abin da nake ƙi shi ne abin da ya yawaita yanzu, a ja launi har ciyawar Gwaram ta zama irin koren da ba a taɓa gani a ƙasar Hausa ba, ko a kankare hazo a liƙa shuɗiyar sama a kan kukar da ba ta da ganye ko ɗaya, alhali duk manomin da ya duba zai san wannan sama da wannan kuka ba su taɓa haɗuwa a wata ɗaya ba. Bayan an gama, a buɗe ɗan littafi a rubuta sunan dutsen, da watan, da gefen da rana take, da yawan mintin da suka rage kafin kiran magariba, a kuma rubuta abin da ya hana hoton cika, ko gizagizai ne babu, ko dawa ce ba ta nuna ba, domin a san watan da za a komo.